Yadda Muka Nema wa Kwalejin Zane ta Ƙasa Sabon Mazauni

Ginin da kwalejinmu take ciki ba dominta aka gina shi ba, kuma ya daɗe da yi mana kaɗan. Ɗalibai sun ƙaru, sassan karatu sun ƙaru, gini yana nan yadda yake. Masu sassaƙa a tsakar fili suke aiki ƙarƙashin rumfar kwano, masu rini suna raba famfo ɗaya da masu yumɓu, ɗakin da muke ajiye ayyukan tsofaffin ɗalibai kuwa ba ya rabuwa da warin danshi. Duk wannan mun saba da shi. Abin da ya tayar da maganar tashi gadan-gadan shi ne rahoton 'yan kwana-kwana. Sun ce matakalar bene guda ɗaya da muke da ita ba za ta fitar da jama'ar da ke sama ba idan gobara ta tashi, kuma babu inda za a ƙara ta biyu sai an rushe kusan rabin ginin. Nan majalisar gudanarwa ta kafa kwamitin neman sabon wuri. Aka sa ni a ciki saboda ni ke kula da ɗakin ɗab'i, inda injinan buga zane suke.

A zaman farko wakilin ma'aikatar ilimi ya zo da lissafinsa a shirye. Yawan ɗalibai, a ninka da filin da kowane ɗalibi yake bukata a aji, a ƙara ofisoshi da ɗakin karatu da ɗakin taro, shi ke nan an san girman ginin da za a nema. Lissafi ne mai kyau ga makarantar da ake zama a saurari lacca. Na roƙi shugaban kwaleji da a kira babban ma'aikacin ɗakunan aikinmu, dattijon da kowa ke kira Baba, wanda ya fi dukanmu daɗewa a wurin. Ya saurari lissafin har ƙarshe, sannan ya ce, “Ranka ya daɗe, ɗalibinmu ai ba zama yake yi ba. Wuta yake hurawa, dutse yake fasawa, ƙarfe yake narkarwa, ruwa mai laka yake zubarwa. In za a nema mana wuri, a nemi irin wanda ake nema wa masana'anta, sai a rataya allo a ciki.”

Wannan magana ce ta juya aikin gaba ɗaya. Aka ajiye batun zuwa ganin gine-gine, muka fara da ganin kanmu. Muka bi ɗaki ɗaki da tef ɗin awo da littafi, muna rubuta kowane inji: tsawonsa, faɗinsa, nauyinsa, irin wutar da yake sha, abin da yake fitarwa na hayaƙi ko ƙura ko ruwa, da filin da mutum yake bukata ya kewaya shi ba tare da ya bangaji wani ba. Aiki ne mai gundura, wasu malamai ma sun ɗauka ɓata lokaci muke yi. Amma takardar da ta fito daga ciki ita ce ta riƙa yanke mana gardama daga baya, domin duk ginin da aka kai mu sai mu buɗe ta mu tambaye shi.

Nauyi ne ya fi ba mutane mamaki. Injiniyan ginin da aka ɗauko mana ya bayyana cewa benen ofis, yadda aka saba tsara shi, kilo 250 zuwa 300 ake sa ran zai ɗauka a kan kowace murabba'in mita. Babban injin ɗab'inmu na ƙarfen zubi ya kusa tan guda, kuma duk nauyin nan a kan ƙafafu huɗu yake sauka, ba shimfiɗe yake ba. Duwatsun da muke zane a kansu kafin a buga, farar ƙasa ce daskararriya, babba ɗaya yakan haura kilo 100, ga su jere a kanta ɗaya. Ko takarda, da mutane ke rainawa, idan ta cika akwatunan ajiya masu aljihun tebur aka ɗora wani kan wani, ba ƙaramin nauyi ba ce. Sai tanderun gasa yumɓu, wanda zafinsa yakan kai digiri 1200 zuwa 1300, yana son wuta mai layi uku da bututun fitar da hayaƙi har saman rufi. Masu zubin tagulla suna zuba ta ne da zafin da ya haura digiri 1000, don haka ƙasa suke so, mai yashi, nesa da duk abin da zai kama. Kafin mu taka ko'ina mun riga mun san cewa rabin kwalejin dole a ƙasa za ta zauna.

Akwai kuma abin da ba a gani. Ƙurar busasshen yumɓu tana ɗauke da silika, wadda ke taruwa a huhu shekara da shekaru har ta lalata shi, shi ya sa ba a share ɗakin yumɓu da tsintsiya, wanke shi ake yi. Wankewa kuwa tana nufin daɓe mai gangara da magudana. Magudanar ma ba kowace iri ba, sai mai ramin da laka za ta kwanta a ciki a kwashe, domin filastar da ake zuba siffa da ita ko a cikin ruwa daskarewa take yi, in ta shiga bututu sai dai a fasa ƙasa. Ɗakina yana aiki da asid don cin farantin ƙarfe, masu fenti suna aiki da tina, wato ruwan tsinka fenti mai ƙarfin wari, kowannensu yana son fankar da za ta zuƙe iska ta kai ta waje, ba ta juya ta cikin gini ba.

Wurin farko da dillalai suka kai mu wani dogon benen ofis ne, gilashi daga sama har ƙasa, wanda wani kamfani ya tashi ya bari. Shugaban kwaleji ya so shi ƙwarai, ban kuma ga laifinsa ba, wuri ne da za ka kai baƙo ka ji daɗi. Baba bai ce komai ba, ya dai shiga lif da tef ɗinsa, ya auna ƙofa, ya auna zurfi, ya fito. Falankin katako guda, irin mai tsawon ƙafa takwas da faɗin ƙafa huɗu da ɗalibai ke saye kullum, ba zai shiga ba ko an karkata shi. Daga daɓe zuwa silin bai kai mita uku ba. Tagogin ba sa buɗewa, iskar ginin duka na'ura ɗaya ce ke juya ta, wato warin tina daga bene na biyu sai ya isa ofishin magatakarda a bene na shida. Ba mu daɗe a kansa ba.

Gilashin nan dai ya jawo muhawara a kan haske, kuma a nan malaman fenti suka fi kowa zaƙewa. Mutum zai zaci yawan haske shi ne abin nema. Mai zane ba yawa yake so ba, haske yake so wanda ba ya canzawa, don launin da ya haɗa da safe ya same shi yadda yake da yamma. Shi ya sa a ƙasashen da ke arewacin duniya manyan tagogin ɗakin zane arewa suke kallo, inda rana ba ta shigowa kai tsaye. A kudancin duniya kuma akasin haka. A ƙasashen da ke tsakiya rana takan karkata arewa wani lokaci na shekara, ta koma kudu wani lokaci, sai an haɗa da inuwar rumfa a saman taga. Gabas da yamma su ne ba a so ko'ina. Akitek ɗinmu, wato mai tsara mana gini, ta kawo misalin ginin makarantar zane ta Bauhaus da Walter Gropius ya tsara a Dessau ta Jamus, wanda aka buɗe a 1926: ɓangaren ɗakunan aikinsa bangon gilashi ne da duniya ke yabo har yau, amma waɗanda suka yi aiki a ciki sun sha zafi lokacin zafi, sun sha sanyi lokacin sanyi.

Tayi na biyu shi ne ya kusa raba kan kwalejin. Wata babbar jami'a da ke bayan gari ta ce za ta ba mu fili a cikin harabarta, mu yi amfani da ɗakin karatunta da ɗakunan kwananta da asibitinta. Ma'aji ya ji daɗin wannan, ma'aikata ma haka, domin a takarda shi ne mafi sauƙin kuɗi. Wakiliyar ɗalibai ce ta tsaya kai da fata. Ta ce yawancinsu suna haɗa karatu da ɗan aikin neman kuɗi a cikin gari, kayan aikinsu a cikin gari suke saye, wani lokaci sau biyu a yini, kuma wanda zai ɗauko allon zane mai faɗin ƙofa ba kowace mota ce za ta ɗauke shi ba. Malamanmu da yawa masu sana'ar kansu ne da ke zuwa koyarwa kwana ɗaya ko biyu a mako. In tafiya ta yi nisa, su ne farkon waɗanda za mu rasa. Sai baje kolin ƙarshen shekara, wanda shi ne kasuwar ɗalibi ta farko: a tsakiyar gari mai wucewa ma yakan leƙo, a bayan gari sai wanda aka gayyata.

Ba mu ne farkon waɗanda suka shiga wannan tsaka mai wuya ba. Kwalejin zane ta ƙasar Ayalan, wadda ke titin Thomas a tsakiyar Dablin tun farkon shekarun 1980, a cikin wata tsohuwar masana'antar giya, an yi maganar mayar da ita harabar jami'ar University College Dublin da ke unguwar Belfield, nesa da tsakiyar gari, a wajajen 2005 zuwa 2006. Ɗalibai da malamai suka ƙi, aka bar maganar, tana nan inda take. Ni abin da ya fi damuna a tayin jami'ar ba nisa ba ne kaɗai. Ƙaramar makaranta in ta shiga cikin babba, sannu a hankali jadawalinta da kasafinta da ɗakunanta sukan koma hannun waɗanda ke auna amfanin ɗaki da yawan kujerun da ke ciki. Ɗakin da ɗalibai shida suka mamaye wata uku da rabin gunki a tsakiya, a idonsu ɗaki ne da ake asara. Na faɗi haka a kwamiti, wasu suka ce tsoro ne kawai. Mai yiwuwa. Amma ba a ba mu amsa a rubuce ba da muka tambayi wa zai riƙe makullin ɗakunan aiki da dare, kuma ɗalibin shekarar ƙarshe da dare yake aiki.

Sai aka kawo shawarar da ta fi kowacce daɗin ji: a sayar da tsohon wurinmu, a yi hayar wurare na wucin gadi, a gina sabo fil daidai da bukatarmu. A nan akitek ɗin ta ba mu labarin makarantar zane ta ƙasar Istoniya. A 2010 suka rushe tsohon gininsu da ke tsakiyar Talin da niyyar tayar da dogon bene a gurbinsa. Ginin bai yiwu ba. Makarantar ta warwatsu a wurare daban-daban cikin gari shekara da shekaru, sai a 2018 ta sake haɗuwa wuri ɗaya, a wata tsohuwar masana'antar safa. Ɗalibai da dama sun shiga sun gama ba su taɓa ganin makarantarsu a haɗe ba. Bayan wannan labari kwamiti ya rubuta sharaɗi guda da ba mu sake taɓawa ba: ba za mu saki tsohon makulli ba sai sabon yana hannunmu, an kuma kunna tanderu a can ya yi aiki.

An nuna mana wani tsohon gidan gwamnati mai tarihi, mai kyan gaske, da benen katako da dogayen tagogi. Zuciyata ta so shi. Amma gini ne da doka ta hana a taɓa fuskarsa ko a huda rufinsa, ga katako ko'ina. Kowa a sana'armu ya san abin da ya sami makarantar zane ta Gilasgo. A watan Mayun 2014 iskar gas daga gwangwanin kumfa da wani ɗalibi ke aiki da shi ta haɗu da zafin majigi, wuta ta kama, ta bi tsofaffin hanyoyin iska da ke cikin bango ta haura sama, ta cinye shahararren ɗakin karatun da Charles Rennie Mackintosh ya tsara. Ana cikin gyara, a watan Yunin 2018, wata gobarar ta sake tashi ta ƙarasa abin da ya rage. Jami'in kwana-kwana da ya raka mu ya leƙa ƙarƙashin benen katakon ya girgiza kai, mu ma ba mu ja ba.

Wurin da muka ƙare a kai, Baba ne ya ji labarinsa, ba dillali ba. Tsohuwar masana'antar buga kwalaye ce a gefen tsakiyar gari, kusa da tashar motocin haya, an rufe ta da jimawa. Ranar da muka fara shiga tattabaru ne suka tarbe mu. Daɓen baƙi ƙirin da tsohon mai, gilasan sama rabi a fashe, bangon gaba kuwa ba abin da za ka ɗauka hoto. Amma na ga akitek ɗin ta ɗaga kai ta yi shiru. Rufin irin mai haƙoran zarto ne, kowane haƙori da gilashi a gefe guda, dukansu suna kallon ɓangaren da rana ba ta bugowa, haske yana zubowa daidai wa daida daga wannan bango zuwa wancan. Tsayinsa ya haura mita biyar. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi akwai faɗin da za a yanka ɗakuna yadda aka ga dama. Ƙofar baya babbar mota tana shiga har ciki, a sama kuma ga dogon ƙarfen da ake rataya sarƙar ɗaga kaya, yana nan daram. Baba ya durƙusa ya ɗaga murfin wata magudana, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya miƙe yana murmushi. Akwai ramin laka tun na asali.

Ba haɗari ba ne makarantun zane da yawa suka ƙare a irin waɗannan wurare. Konstfack ta Sitokhom ta koma tsohuwar masana'antar tarho ta Ericsson a 2004. Ta ƙasar Noway ta tattaru a 2010 a wata tsohuwar masaƙa da ke bakin kogi a Oslo. Central Saint Martins ta Landan ta koma King's Cross a 2011, cikin rumbun hatsin da aka gina a 1852, ta Zurik kuma ta shiga tsohuwar masana'antar madara a 2014. Gine-ginen nan an yi su ne don nauyi da ƙazanta da shige da ficen kaya.

Son wuri daban, sayensa daban. Injiniya ya kawo masu huda daɓe suka ciro kankare kamar guntun rake daga wurare da dama, aka kai gwaji. Ƙasan ya yi, amma ƙaramin benen da ke gaba bai kai ƙarfin da muke so ba, sai aka ware shi ga ofisoshi da sashen kwamfuta. Rufin ya zo da matsalar da ake tsoro a tsofaffin masana'antu, wato asbesto, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu da daji. Cire shi sai ƙwararru masu lasisi, da rufe wurin gaba ɗaya, kuma kuɗinsa kaɗai ya isa ya sa ma'aji ya cire tabarau. An haƙa ƙasa a bayan ginin aka tarar da tsohon tankin mai a binne. Taransifomar da ke wurin ta mutu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mun sa an rubuta shi da kiyasin kuɗinsa, muka koma wa masu wurin da shi, farashi ya sauko.

Ɓangaren takardu shi ya fi cin lokaci, kuma shi ne na fi ƙarancin abin faɗa a kai, domin zaman jira ne. Lauyanmu ya gano cewa wurin gādo ne na mutane da yawa, ɗaya daga cikinsu bai sa hannu ba, sannan akwai tsohon bashin banki da aka jingina ginin a kansa ba a goge ba. Sai neman izinin hukumar tsara gari na mayar da masana'anta makaranta, wanda ya haɗa da jin ta bakin maƙwabta. Su abin da ya dame su hayaƙin tanderu da ƙarar injin yanka dutse. Muka gayyaci wakilansu tsohon wurinmu suka gani da idonsu, muka yarda a rubuce cewa sashen sassaƙa zai koma bangon da ke kallon titi, ba wanda ke jingine da gidaje ba.

Ranar gabatarwa a ma'aikata, babban sakatare ya duba hotunan ya ce, “Malam, kwalejin ƙasa guda za ku kai sito?” Shugaban kwalejinmu, wanda da farko benen gilashi yake so, shi ya amsa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, fuskar gini fenti da ƙofa ne, za mu gyara ta a wata uku. Tsayin rufi da ƙarfin daɓe in babu su, babu kuɗin da zai sa su.” Sannan ya miƙa masa takardar awon injinanmu, da jerin wuraren da muka gani, kowanne da inda ya faɗi. An amince, da sharaɗin a yi aikin kashi-kashi daidai da yadda kuɗi ke fitowa.

Ba duk abin da muke so muka samu ba. Ɗakin baje koli ya fito ƙarami fiye da na tsohon wuri, kuma ɗakin ajiyar ayyukan takarda, wanda ke son danshin iska ya tsaya wajajen kashi 50 cikin ɗari, an tura shi kashi na biyu. Malamai da suka saba da ofis na kansu yanzu uku-uku za su zauna, wasunsu har yau ba sa gaishe ni da sakin fuska. Babu fili mai ciyawa ko kaɗan. Sashen saƙa da rini suna ganin an ba masu yumɓu wuri mafi kyau, kuma ina ganin suna da gaskiya.

Tsarin tashi da muka tsayar shi ne a fara da abin da ya fi nauyi da wuyar haɗawa. Tanderu da injinan ɗab'i za su tafi lokacin dogon hutu, bayan an kawo sabuwar taransifoma an gwada ta. Babban injina sai an kwance shi gida uku, an yi wa kowace ƙusa lamba, sannan a daidaita shi da ma'aunin ruwa a can, domin in ya karkace ko kaɗan bugu ba zai fito daidai ba. Ɗaliban shekarar ƙarshe za su zauna a tsohon gini har su yi baje kolinsu, an rage yawan masu hawa bene a lokaci guda kamar yadda 'yan kwana-kwana suka gindaya. 'Yan shekarar farko su ne za su fara karatu a sabon wuri, tare da sashen yumɓu da nawa.